Jif mai ƙarfin inji ta hannu a Legas: yadda za ka biya ta, da yadda za ka iya riƙe ta

Duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar motoci ta Berger a hanyar Apapa, ko filayen dillalai na Ikeja da Lekki, ya san motocin da nake nufi: Range Rover Sport mai sufacaja (na'urar ƙara wa inji ƙarfi), Mercedes ML63 da GLE63, BMW X5M, Porsche Cayenne Turbo, Jeep Grand Cherokee SRT. Injin silinda takwas gare su, ƙarfin doki daga 470 zuwa sama da 550. Lokacin da suke sababbi a Amurka ana sayar da su daga wajen dala 65,000 zuwa fiye da 100,000. Bayan shekara takwas ko goma sai ka tarar da su a Legas da farashin da wani lokaci bai kai na Prado ko Lexus GX sa'arsu ba. Wannan arahar ce ke jan 'yan'uwanmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Obalende, musamman matasan 'yan kasuwa da Allah ya buɗa wa.

Ba hana kowa nake yi ba, don motoci ne masu daɗin tuƙi ƙwarai. Abin da nake so ka riƙe shi ne: kuɗin motar ne ya faɗi, kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake. Birki da taya da famfon ruwa na motar dala dubu ɗari za ka riƙa saya, da dala ake kawo su, kai kuma naira kake samu. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ke da irin wannan mota a lokacin ya ji a jikinsa.

Mataki na farko: lissafa riƙo kafin ka tambayi farashi

Yawancin mutane da farashi suke farawa. Kai ka fara da abin da motar za ta ci a wata. Ɗauki biro da takarda. Zan yi misali da mota ta naira miliyan 40, kai sai ka sa naka alƙaluman.

Mai ne kan gaba. A gwajin da ake yi a Amurka, waɗannan motoci suna yin kilomita 5 zuwa 6 ne da lita ɗaya a cikin gari. Wannan a titin da ake tafiya ke nan. A cunkoson Legas, inda za ka shafe awa guda tsakanin Oworonshoki da Adeniji a kan gadar Third Mainland da na'urar sanyi a kunne, ka yi lissafi da kilomita 4 zuwa 5. Mai zuwa aiki Victoria Island daga Agege, idan ya haɗa da zirga-zirgar ƙarshen mako, zai iya cin kilomita 1,500 a wata. Lita 300 ke nan idan an yi sa'a. A ce lita naira 1,000 ce, naira 300,000 ta tafi a mai kaɗai. Kada ka yi lissafi da farashin yau kawai: kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ka bar wa kanka sarari.

Sai inshora. Tun daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da ƙaramar inshorar dole naira 15,000 ga motar gida, amma wannan ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, har zuwa naira miliyan 3. Cikakkiyar inshora kuwa hukumar ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar mota. A misalinmu naira miliyan 2 ke nan a shekara. Ni a ganina mota irin wannan ba ta hawa titin Legas da ƙaramar inshora, domin fitilar gaba guda ɗaya da ɗanfo zai fasa maka ta isa ta ɓata maka lissafin wata. Mai ƙyamar inshorar da aka saba yana da takaful, akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful.

Sabis: yawancin injinan nan suna shan baƙin mai wajen lita 8 zuwa 9, kuma mai na musamman wanda kamfanin ya amince da shi. A jikin galan za ka ga lambar: MB 229.5 ga Mercedes, LL-01 ga BMW, A40 ga Porsche. Da zafin Legas da tsayuwa a cunkoso, shawarata ka canza duk kilomita 5,000 zuwa 7,000, kada ka jira allon mota ya tuna maka. Tayoyi inci 20 zuwa 22 ne, marasa kauri, ramin titi yana kumbura su ya lanƙwasa ƙarfen. Nauyin motar ya haura tan 2, saboda haka taya da birki ba sa daɗewa.

Abu na ƙarshe, wanda shi aka fi mantawa: asusun gyara. Ka ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin motar duk shekara, wato naira miliyan 4 a misalinmu, a wani asusu dabam da ba ka taɓawa. Idan motar ta haura shekara goma, ka kai shi kashi 15. Wata shekarar ba za ka cinye ba, wata shekarar kuma zai ƙare a gyara ɗaya.

Haɗa su: mai 300,000, inshora wajen 167,000, asusun gyara wajen 333,000. Naira 800,000 ke nan a wata, ba ka biya ko kwabo na bashin mota ba, ba ka sa kuɗin direba ko na sabunta takardu ba. Idan wannan adadi ya sa gabanka ya faɗi, to ka tsaya a nan, ka nemi mai silinda shida.

Mataki na biyu: daga ina kuɗin zai fito

Mafi alheri shi ne kuɗin hannu, amma da sharaɗi: bayan ka biya, ya zama akwai saura. Mai miliyan 40 cif a hannu motar miliyan 33 ko 34 ya kamata ya nema. Kuma kada ɗan kasuwa ya ciro kuɗin daga jari. Wanda ke saro tumatir da albasa zuwa Mile 12, ko shanu zuwa Oko-Oba, ya san abin da miliyan 40 ke haifarwa idan tana juyawa. Da ta koma mota, sai dai ta riƙa raguwa.

Idan bashin banki za ka ci, a nan nake so ka natsu. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da wannan suke ɗora wa mutum. Mu ɗauka ka ba da kafin alƙalami kashi 30, naira miliyan 12, banki ya cika miliyan 28 a kan ruwa kashi 30 na shekara uku. Idan ruwan yana raguwa ne daidai da yadda bashin ke raguwa, za ka riƙa biyan wajen naira miliyan 1.19 a wata, ruwan duka ya kama kusan miliyan 14.8.

Ga inda ake kama mutane. Wani kamfanin ba da rance zai ce maka nasa ruwan kashi 20 ne kacal. Tambaye shi: a kan bashin da ya rage ake lissafawa, ko a kan ainihin kuɗin tun daga farko har ƙarshe? Idan na biyun ne, kashi 20 na miliyan 28 sau shekara uku ya kama miliyan 16.8. Ka ga ashe kashi 20 ɗin ya fi kashi 30 ɗin tsada da naira miliyan 2. Saboda haka kada ka tsaya jayayya a kan kashi nawa. Ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga yau zuwa ranar ƙarshe, haɗe da kuɗin cike takardu, kuɗin gudanarwa, na'urar bin sawu da inshora. Ka kuma tambayi tarar jinkiri, da ko akwai tara idan ka so biya kafin wa'adi, da ko suna da ikon ƙara ruwa a tsakiyar tafiya.

Da yawanmu ba ma son ruwa ko kaɗan, kuma alhamdu lillahi akwai mafita a Legas: Jaiz, TAJ, Lotus da Alternative Bank. A tsarin murabaha bankin ne zai sayi motar, ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. Amfaninsa shi ne farashin da aka ƙulla ba ya canzawa. Amma kada ka ɗauka halal yana nufin araha, ribar takan yi kusa da abin da kasuwa ke tafiya a kai. Shi ma ka nemi jimilla a rubuce. A tsarin ijara kuma motar ta banki ce kana haya har ka mallaka, don haka ka tambaya sarai wane gyara ne a wuyansu, wanne ne a naka.

Ko wane banki ne, ka sa ran za su iyakance shekarun motar da za su saya, su tilasta cikakkiyar inshora, su riƙe takardun asali. Da yawansu ba sa son biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo maka. To amma su bashin kawai suke dubawa. Kai ka haɗa da riƙo: miliyan 1.19 da 800,000, kusan naira miliyan 2 a wata. Ra'ayina shi ne wanda ba ya samun ninki uku na wannan kada ya ci bashi a kan irin wannan mota. Kuma kada wa'adi ya wuce shekara biyu zuwa uku, domin babu abin da ya fi ciwo kamar a cire maka kuɗi ƙarshen wata alhali motar tana kan jak a gareji tana jiran kaya daga Dubai.

Adashi yana iya cike giɓi idan kwasarka ta zo daidai. Biya kashi-kashi a hannun dillali ma ana yi, amma sai da rubutu da shaidu, a fayyace abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka bayar idan ka kasa cikawa.

Mataki na uku: tokumbo, ta gida, ko ka yi oda

Tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ta fi tsada, amma ba ta sha hannun makanikanmu da ramukanmu ba. Sai dai mafi yawan masu shigowa daga Amurka daga gwanjon Copart da IAAI suke, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Ta gida, wadda aka riga aka hau a nan, ta fi sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa mai ita yana sayarwa ne don ya hango babban gyara. Idan ka samu wadda mai ita ke da rasit ɗin kowane sabis, ta fi tokumbon da ba a san tarihinta ba. Oda da kanka kuwa tana ba ka damar ganin hotunan motar kafin a gyara ta, amma ka tuna kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ko PTML da farashin dala na ranar ake lissafa shi, kuma tun 2022 kwastam ke ƙimanta mota da lambar cesis. Abin da aka ƙiyasta maka lokacin da jirgi ya taso zai iya canzawa kafin ya iso.

Mataki na huɗu: duba motar

Fara da lambar cesis, haruffa da lambobi 17. Ka ga ta gilashin gaba, ta jikin ƙofa da ta takarda duk ɗaya ne. Sayi rahoton tarihin motar na Carfax ko AutoCheck, sannan ka rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan gwanjon za su fito ka ga yadda aka kawo ta. Kwatanta tafiyar da rahoton ya nuna da wadda ke allon mota, don ana mayar da ita baya.

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo. Ɗora hannunka a kan inji ka ji ko da ɗumi. Idan dillali ya ce, "Alhaji, na ɗan tayar ne don batir," ka ce masa, "Ba komai, gobe na dawo." Sanyin inji ne ke tona asiri. A Range Rover mai lita 5.0, ƙarar kacau-kacau a daƙiƙun farko alama ce ta sarƙar inji da abin da ke ɗaure ta, gyaran kuma babba ne. A BMW mai V8 da turbo biyu, bar ta a kunne minti goma sannan a taka mai, ka tsaya a baya: shuɗin hayaƙi yana nufin tana ƙona baƙin mai. A Cayenne, juya sitiyari har ƙarshe ka tafi a hankali, idan tana fizga ko tana kakkarwa, akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da baya ne. Duka dai ka duba bututun ruwan sanyaya inji, na roba ne, zafi yana busar da su.

Yawancinsu a kan balan-balan na iska suke zaune. Kafin a tayar, ja da baya ka kalle ta: idan kusurwa ɗaya ta kwanta, iska na zuba. Bayan an tayar, ɗaga ta sama ka sauke da maɓalli, ka saurari famfon. In yana ta gurnani bai tsaya ba, ya kusa mutuwa.

Yanzu durƙusa. Ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera, sa hannu ka shafa. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai layin laka. Haska tocila a ƙusoshin kujera da ramin safaya. Tsatsa ko busasshen yashi a waɗannan wurare na nufin ruwa ya shiga, kuma motar da ruwa ya ci ba a gama gyaran wayoyinta. Ko nawa aka rage maka, bar ta. Araha ba ta ado.

A ɗaga ta a leƙa salansa a tabbatar abin tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, yana nan, don ana cire shi a sayar. Daga nan a sa mata kwamfuta, amma irin wadda ke karanta dukkan sassan wannan samfurin, ba ƙaramar da ake riƙewa a tafin hannu ba. Idan ta nuna an goge bayanai kwanan nan, tambayi dalili. Makanikin da zai duba kai za ka kawo shi, kai za ka biya shi, kuma kada ya kasance yana da la'ada a cinikin. Sannan a tuƙa ta aƙalla rabin awa, a shiga cunkoso da gangan a ga ko allurar zafi za ta motsa.

Mataki na biyar: takardu da biya

Takardar kwastam ce uwa. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, amma 'yan Kwatano ba su daina shigowa ba, wasu da takardar bogi, wasu an biya musu fito ƙasa da ƙima. Irin wannan babbar mota ita jami'ai suka fi tsayarwa a hanya. Kai takardar ofishin kwastam da kanka a tantance kafin ka biya. Idan ta gida ce, ka ga shaidar mallaka da katin shaidar mai ita, suna ya zo ɗaya. Ana kuma iya bincikawa a rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Banki ko an ci bashi da ita.

Biya ta banki, zuwa asusun da sunansa ke kan yarjejeniya. Karɓi makulli biyu, domin yanka sabo da haɗa shi da kwamfutar mota kuɗi ne mai yawa. Sauran aikin ofis ne: canjin mallaka da lasin a hukumar MVAA ta jihar Legas, gwajin lafiyar mota a cibiyar LACVIS, izinin 'yan sanda idan gilashin mai duhu ne. Inshorarka kuma ka duba ta a rumbun NIID ka tabbatar ta gaske ce.

Mataki na shida: watan farko da zama da ita

Kada ka yarda da "an yi mata sabis". A makon farko canza baƙin mai da matatarsa, matatar iska, man giya, man birki da ruwan sanyaya inji. Duba fulogi, na Jeep SRT guda 16 ne. Karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan za ka canza, canza huɗun tare ko aƙalla biyu-biyu iri ɗaya, don bambancin taya yana gajiyar da akwatin raba ƙarfi.

Samun makaniki ya fi samun mota wuya, kuma ya kamata ka same shi tun kafin ka saya. Nemi wanda ya ƙware a wannan samfurin kaɗai, ka je garejinsa ka ga irin motocin da ke ciki. Duk wanda ya ce zai cire maka abin daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, ko ya zuba ruwan famfo a lagireto, ɗauke motarka ka tafi. A tsohuwar mota ana yin haka a wuce, a nan inji za ka rasa. Kasuwar Ladipo a Mushin tana da kayan hannu da yawa, sun dace da madubi, fitila ko ƙofa. Amma balan-balan na iska, famfon ruwa, sarƙar inji da birki, sabo za ka saya da lambar kayan, ko da za ka jira mako biyu.

Motocin nan don mai mai inganci sosai aka ƙera su, mu kuma gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Injin zai rage ƙarfinsa ya jure, amma gurɓataccen mai yana kashe famfo da bakin feshin mai. Tsaya a gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su, ka guji na bumburutu, kuma kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata.

Damina kuma, musamman Yuni da Yuli a Lekki da Ajah, tsayin motar kada ya ruɗe ka. Batir da na'urorin lantarki a ƙarƙashin kujera ko a ƙasan but suke, kuma inji idan ya shaƙi ruwa ya gama. In ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murza makulli, kira motar ja. Ka tabbatar tun farko inshorarka ta ambaci ambaliya a rubuce, ka kuma san nawa ne kasonka a duk gyaran da za su biya.

Ga mai niyyar tafiya gida da Sallah: Legas zuwa Kano ya kai kilomita 1,000. A buɗaɗɗen titi motar za ta yi kilomita 7 zuwa 8 da lita, wato wajen lita 135 zuwa, wasu 135 dawowa, tankin kuma lita 85 zuwa 105 yake ɗauka, don haka sai ka sha mai a hanya. Kai ta gareji mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in an ga abin canzawa a samu lokacin kawo shi. Tafi da safaya mai iska, fanbel, galan ɗin baƙin mai irin nata da ruwan lagireto, domin tsakanin Jebba da Mokwa ba za ka samu mai sayar da su ba.